Sunan da Ke Bangon "Ganyen Huhu" Ba Na Mai Littafin Ba Ne

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya buga littafin Ganyen Huhu,
Daga Saratu, Birnin Kudu,
Ta hannun Editan wannan jarida.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Na aiko wa ofishinka wasiƙa biyu ta rajista. Ta farko ba a amsa ba. Ta biyu an amsa, amma ba kai ka sa hannu ba, kuma daga irin amsar na gane maganar ba ta iso teburinka ba.

Ni ce matar da kuka buga sunanta a bangon littafin nan, wato Saratu Birnin Kudu. Ban ƙago ko layi ɗaya a cikinsa ba. Littafin na Malam Yahuza Bagwanje ne, tsohon editanku, wanda yanzu yake zaune a Gwaram. Shi ya faɗa da baki, ni na sa a takarda. Zan jera yadda abin ya faru, har da wuraren da laifin nawa ne.

1. Mai littafin

Kai ba sai an gaya maka ko wane ne Malam Yahuza ba, amma da alama matasan da ke ofishinka yanzu ba su san shi ba. Don haka zan faɗi abin da na ji daga bakinsa da bakin matarsa, Goggo Adama.

An haife shi a wani zango a ƙasar Gwanja. Mahaifinsa mai masaukin fataken goro ne. Mahaifiyarsa ba Bahaushiya ba ce, kuma da yarenta ya fara magana. Hausa a bakin baƙin gidansu ya tsince ta. Yana saurayi ya biyo wasu fatake zuwa ƙasar nan, da niyyar ya ga garuruwan da yake jin labarinsu ya koma. Bai koma ba. Ya fara da rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya. Daga nan ya shiga maɗaba'arku yana jera haruffan dalma, ya koma mai duba kuskure, kafin a sami mulkin kai ya zama edita. Shekara ashirin da biyu ya yi muku. Littattafansa na kansa huɗu ne. Na wasu da ya gyara kuwa ya ce bai taɓa ƙirgawa ba.

Ya gaya mini da farko dariya ake yi wa Hausarsa, don irin ta zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji. Sai ya sayi ɗan littafin aljihu, duk ranar da ba aiki ya tafi kasuwa ya zauna kusa da tsofaffi masu daddawa da kuka, yana rubuta yadda suke magana. Har yau idan ya gaji yakan ce Goggo ya tafi rijiya, ita kuma ta ce shekara talatin ana zaune tare bai gano mace ya aura ba. Amma a takarda ban taɓa kama shi ba, kuma na nema.

Da arzikin man fetur ya zo kuka gina sabon ofis mai bene, aka ce manyan kujeru na 'yan ƙasa ne. Ba wannan ya kawo ni ba. An sallame shi da agogon bango. Ba shi da ɗa, ba shi da gida a birni, can Gwanja kuma waɗanda suka san shi sun ƙare, sai ya bi matarsa garinsu. 'Yan'uwanta suka yanka masa gona. Geronsa shi ne abin dariyar unguwa, kuma shi ke fara dariyar. Bayan damina biyu yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun. Agogon yana nan a rataye, Goggo ce ke murɗa makullinsa, ita ce kuma ke gaya masa inda hannuwan suke shi ya faɗi lokacin.

2. Yadda na shiga ciki

Ni 'yar Gwaram ce. Na yi firamare har aji bakwai, aure ya kawo ni Birnin Kudu, inda maigidana ke aiki a ɗakin magani na asibiti. Ba ni da sana'ar da ta wuce karanta littattafan labari. Na sha ƙona tuwo a kansu. Awakina uku duk sunayen mutanen cikin littattafan Malam Yahuza gare su. Maigida idan ya je Kano yakan sayo mini sabo, yana cewa littafi ya fi atamfa araha, kuma ya fi ta sa ni yin shiru.

Tun ina makaranta na zana wa kaina marubucin nan a zuci: dogo, matashi, da tabarau da mota. Ban san shi ne tsohon da ake kira Baban Gwanja ba, wanda idan na je ganin gida nake korar kajinsa daga shanyar mahaifiyata.

Mutanen Gwaram idan sun zo asibiti a gidanmu suke sauka. Ranar da Goggo ta fara kawo shi a duba idonsa, ta shigo ta tarar da littafinsa na biyu a kan tabarmata, bangonsa a ɗinke da zare saboda yawan karatu. Ba ta karatun boko, amma ta gane hoton bangon. Ta ce ai mai wannan yana zaure yana jiran ruwan alwala. Na ɗauka zolaya ce irin tata. Na kai butar da kaina, na durƙusa na gaishe shi, sannan na karanto masa farkon babi na uku da ka. Ya ƙarasa mini sakin layin. Ya ce akwai kalma ɗaya a wurin da ya so ya cire tun wancan lokaci, inji ya riga shi.

A wannan zaman ya gaya mini yana da littafi na biyar, a kansa yake, ba hannun da zai sauke shi. Na nemi izinin maigida, ya amince.

3. Yadda aka yi aikin

Wata bakwai muka yi. Duk bayan mako biyu sukan biyo motar kasuwa su zo karɓar maganin ɗigawa, su kwana biyu. Bayan an karya kumallo sai a shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida. Baba, wato Malam Yahuza, yana faɗa, ina rubutawa, Goggo tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Idan an cika shafi huɗu ko biyar sai ya ce in karanto. Ba ni yake saurare ba, ƙarar gyaɗar yake bi. Inda hannun Goggo ya tsaya, wurin ya yi, kada a taɓa. Inda ta tashi ta leƙa tukunya ko ta kori akuya, sai ya ce in ja layi a kai. Ta haka muka zubar da babi guda cur, na daren biki, wanda ni na fi so a duk littafin. Na yi roƙo, na yi kumburi. Ya ce shi ma yana son babin, amma Goggo ta tashi sau biyu.

Yana kirana Magatakarda. Sau ɗaya na ƙara wata siffa da kaina wajen kwatanta idanun yarinyar labarin, ina jin ba zai lura ba. Da na karanto ya ce, wa ya shigo mana da baƙo? Na goge. Na faɗi wannan ne don a san ko siffa ɗaya tawa ba ta tsira ba.

Littattafan rubutu goma sha ɗaya muka cika, irin na 'yan makaranta. Ba mu yi kwafi na biyu ba. Duk suna hannunku.

4. Inda sunan yake

Da muka gama na tanadi jan biro zan rubuta sunansa a shafin farko da manyan baƙaƙe, har na fara zanen fulawa a gefe. Ya hana. Ya ce lokacin da yake edita ya kafa ƙa'ida a ofishinku: sunan marubuci ba ya zama a gaba, sai a shafin ƙarshe, don a karanta na ɗan hakimi da na ɗan masinja da ido ɗaya. Sai an gama karatu an yanke shawara sannan a juya a ga mai shi. Ya ce shi ma haka za a yi masa. Ba ya so a karɓi littafin don tausayin tsohon ma'aikaci, ba ya so a ƙi shi don baƙo ne.

Ga kuskurena na farko. Mahaifina malami ne mai juyar littattafai, wato yakan ari littafin addini ya kwafe shi da hannu ga mai bukata. Tun ina ƙarama na ga yadda yake rufe aiki. A shafin ƙarshe yakan rubuta cewa littafi ya cika da yardar Allah, ya sa sunan mawallafi, ƙarƙashinsa ya sa nasa a matsayin wanda ya juya, ya roƙi mai karatu ya yi musu addu'a su biyun. Da ajami yake yi. Ni kuma ban taɓa ganin an rufe littafi haka da boko ba. Don haka shafi ɗari uku da wani abu na rubuta da boko, da na zo shafin ƙarshe hannuna ya koma ajami da kansa. Na sa sunan Malam Yahuza da na mahaifinsa da ƙasarsa, na sa nawa a ƙasa. Baba ya tambaye ni ko na sa suna a ƙarshe, na ce na sa. Bai tambayi da wane rubutu ba. Ni ma bai zo mini a rai ba cewa a gidan da ake buga littattafan Hausa za a rasa mai karanta layi bakwai na ajami.

A gidan waya an ce dole a sa sunan mai aikowa a bayan ƙunshin. Maigida ya sa nawa da garin da muke zaune, don amsa ta biyo jakar wasiƙun asibiti. Wannan shi ne sunan boko kaɗai da ya iso muku, shi kuka ɗauka.

Kuskurena na biyu, bayan wata uku kati ya zo, irin bugaggen nan da ake cike gurbi da biro, yana cewa Malama an karɓi littafinki. Na ga kalmar. Na ce a raina salon ofis ne. Gaskiya kuwa kalmar ta yi mini daɗi, shi ya sa ban bincika ba.

5. Kwana tara

Bayan Ƙaramar Sallah da mako biyu ƙunshi ya iso da kwafi shida. Bangon kore ne, da hoton huhun goro, a ƙasa an rubuta Saratu Birnin Kudu. Maigida ya duba ya dube ni, ya ce wannan ba daidai ba ne, a rubuta musu gobe. Na ce to.

Ban rubuta ba sai bayan kwana tara. Ba rashin takarda ba ne. Na sa kwafi ɗaya bayan jeren kwanukana, idan gida ya yi shiru in ciro in zauna bakin gado ina kallon bangon. Tun ina aji biyar nake rubuta sunana a bayan littattafan wasu don in ga yadda zai zauna. Ga shi an buga da inji, bai karkace ba. Matan unguwa suka shigo gani. Wata malamar makarantar 'yan mata ta aiko a ce in zo in yi wa ɗalibanta magana. Ban ce nawa ne ba, ban ce ba nawa ba ne. Na ce Allah ya sa albarka, na kawo musu ruwa.

A kwana na tara su Baba suka zo karɓar magani. Na miƙa masa littafin. Ya auna shi a tafin hannu, ya sunsuna, ya murza shafi ɗaya tsakanin yatsu ya ce takardar ba ta kai ta da kauri ba, amma ɗinkin ya yi. Sannan ya ɗora yatsa a ƙasan bangon, daidai inda ya san ake sa suna, ya ce in karanta masa. Na ce, Malam Yahuza Bagwanje. Ya ce in sake. Na sake. Ya sa littafin a aljihun rigarsa, ya nemi a ƙara masa fura.

Wannan ne kuskurena na uku, kuma ba na raba shi da kowa. Da suka shiga asibiti na zauna na rubuta muku wasiƙar farko.

6. Amsar ofishinka

Na jira mako uku, shiru. Na sake rubutawa. Amsar da ta zo daga wani mataimakin edita ce, tana nan a hannuna, kuma abu huɗu ta ƙunsa.

Ya ce lallai an ga wani shafi na rubutun Larabci a ƙarshe, an ɗauka addu'ar neman sa'a ce irin wadda mata ke haɗawa da saƙo, aka cire aka ajiye a fayil. Ya ce an riga an buga, an rarraba wa makarantu, gyara yanzu ba zai yiwu ba. Ya ce kada kunya ta sa in ɓoye baiwar da Allah ya yi mini, domin sun sha ganin mata suna jingina aikinsu ga wani dattijo. A ƙarshe ya ce samun marubuciya 'yar ƙasa daga karkara abin alfahari ne ga kamfani, za a turo mai hoto.

Shafin ba Larabci ba ne, Hausa ce. Ban da kalmomin buɗewa, duk wanda ya yi allo zai karanta shi a tsaye. Ban san ko akwai mai gadi ko mai shara a ofishinku da aka nuna wa ba, amma ina jin da an nuna da ba mu kai nan ba. Batun kunya kuwa, ina da ita, sai dai ba irin wadda yake nufi ba. Ban zargi mataimakin da mugunta ba. Ina ganin dai labarin matar karkara ya fi masa daɗi a kan na tsohon baƙo, kamar yadda kalmar nan ta katin ta fi mini daɗi.

7. Yadda Baba ya sani

Littafin ya isa makarantar Gwaram. Hedimasta ya ɗauki kwafi ya kai wa mahaifina har zaure yana taya shi murna. Mahaifina ya san aikin da nake yi, don shi ya fere mini alƙalamin da na rubuta shafin ƙarshe. Washegari ya hawo mota. Na kawo masa ruwa bai sha ba, na shimfiɗa buzu bai zauna ba. Ya ce shekara arba'in yana juya littattafan mutane, bai taɓa sa sunansa sama da na mai littafi ba, yanzu ga shi ana tare shi a hanyar masallaci ana yi masa barka. Na nuna masa takardun rajista da amsarku. Ya karɓi ruwan. Amma ya ce ba zai sake zama a majalisar da Malam Yahuza yake ba sai an gyara, don ba shi da idon da zai kalle shi, ko da shi Malam ɗin ba ya gani. Har yau bai zauna ba, su da kullum tare suke shan inuwa bayan la'asar.

Cikin mako guda duk Gwaram ta sani, ban da mutum ɗaya. Baba yana yawo da littafin a aljihu, yana ciro wa masu gaishe shi yana nuna musu wurin sunan da yatsa. Masu karatu su duba su ce madalla. Goggo kuwa ta ji labarin ne a gidan bikin suna. Da suka sake zuwa ta ja ni madafa, ta ce ita ba ta iya karatu ba amma ta iya ganin fuskar mai ƙarya, ta ga tawa tun ranar. Ta ce ko in gaya masa kafin su hau mota, ko ita ta gaya masa a cikin motar a gaban masu awaki.

Na gaya masa a gindin darbejiyar. Abin da ya fara tambaya shi ne ko labarin ya tsaya inda ya tsayar da shi, ko an ƙara masa wa'azi a ƙarshe. Na ce ba a ƙara ba. Ya ce to an yi rabin adalci. Ya sa na karanta masa amsarku sau biyu. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da na ce ya yafe mini, ya ce kwana tara ba yawa, shi da aka fara buga sunansa wata guda ya yi yana kwana da littafin. Sannan ya ce:

"Magatakarda, ba kishin sunanki nake ba. Ni a ƙasar nan ba ni da ɗa, ba ni da kabarin uba. Littattafan nan huɗu sun ƙare a kasuwa, ba a sake bugawa ba. Sunan nan na bango shi kaɗai ne takardar zamana."

Ya tambayi wa ke riƙe da kamfanin yanzu. Maigida ya faɗa masa. Ya ce ai kai ka zo masa kana ɗan shekara goma sha tara da tawada a gwiwar hannu, shi ya zaunar da kai a teburin duba kuskure, shi ya koya maka kada ka juya shafin ƙarshe sai ka gama. Ya ce ya san ka yi karatun allo kafin boko. Ya ce idan takardar ta isa hannunka ba sai an yi maka bayani ba. Abin da ya sa na rubuto maka kai tsaye ke nan.

8. Abin da ya sa nake gaggawa

Likitan ido mai zagayawa zai zo asibitin nan bayan Babbar Sallah, kuma an sa Baba cikin waɗanda za a cire wa yana. An ce idan Allah ya sa an dace, bayan mako guda za a kwance ɗaurin, zai iya karanta manyan baƙaƙe da tabarau. Baba ya ce abin da zai fara kallo fuskar Goggo ce. Goggo ta ce kada ya yaudare ta, ta san aljihu zai fara lalubawa. Har yanzu littafin yana aljihun. Ya daina nuna wa mutane, amma bai ajiye ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwan nan.

Na ɗaya, ka sa a kawo maka fayil ɗin, ka ciro shafin da aka cire, ka karanta da idonka. Layi bakwai ne. Idan abin da na faɗa ba shi ke ciki ba, ka buga a jaridar nan cewa na yi ƙarya.

Na biyu, kamfani ya yi sanarwa a wannan jarida cewa Ganyen Huhu na Malam Yahuza Bagwanje ne, a kuma aika wa makarantun da aka kai wa littafin. Baba ya ce a zamaninsa idan aka yi irin wannan kuskure, 'yar takarda ake bugawa a manna a kan bangon, kuma mutum biyu da kwanon gam sukan gama ɗaki guda a wuni. Ban san ko yanzu an daina ba.

Na uku, kwafi ɗaya tak mai bangon gaskiya ya iso Birnin Kudu kafin a kwance masa ido. Ko sauran za su jira bugu na gaba, wannan ɗayan kada ya jira.

Na huɗu, a dawo mana da littattafan rubutun nan goma sha ɗaya, har da shafin ƙarshe. A gidanmu idan an ari littafi an juya, akan mayar wa mai shi.

Na biyar, a cire sunana daga bango. Idan kun ga ya dace a ambace ni, wurina yana shafin ƙarshe, ƙarƙashin nasa, da ƙananan baƙaƙe. Mai hoto kuma ya huta, sai dai idan Gwaram za shi.

Kafin in aiko na karanta wa Baba wannan wasiƙa daga farko har nan. Ya sa na ja layi a kan sakin layi biyu, ɗaya na yabonsa, ɗaya na zagin kaina, ya ce duka biyun sun yi tsawo. Goggo tana gefe da gyaɗarta, ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Da na gama na ce zan sa hannu a ƙasa kamar yadda aka saba, sai ya ce:

"A'a. Wannan ke kika rubuta. Sa sunanki a sama."

Shi ya sa ka gan shi a can, kuma ba za ka same shi a nan ƙasa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a aikinka, ya sa albarka a kamfanin da ma'aikatansa, har da wanda ya amsa mini wasiƙa. Allah ya saka wa duk wanda ya taɓa koya maka wani abu da alheri. Mai karatu kuma ina roƙonsa addu'a ga Malam Yahuza, Allah ya buɗe masa ido lafiya.

Wassalam.